Hangen Bagazam ba hawanta ba ne

 Mako biyu ke nan wannan fili bai fito ba, har wani alhaji mai sayar da kayan masarufi a kasuwar Dakoro ya tare ni ya ce ko hukuma ce ta rufe mini baki. Alhaji, ba hukuma ba ce. Ƙafafuna ne suka kumbura, sa'an nan kunya ta hana ni ɗaukar alƙalami. Yau dai ga bayanin inda na shiga.

Mu mutanen Dakoro ba mu san dutse ba. Ƙasarmu rairayi ce da jigawa, kuma wanda ya hau tudu ya leƙa kwarin Tarka ya riga ya kai iyakar hawan da Allah ya hore mana. Duk abin da na sani game da duwatsu a lakkwal na koye shi, a kan taswirar da ke rataye a bangon aji, inda arewacin Nijar yake da wani tabo ruwan ƙasa wanda mushe yake nunawa da bakin sanda: Ayir, wato ƙasar da iyayenmu ke kira Azbin. Mun haddace cewa dutsen da ya fi kowane tsawo a ƙasar nan shi ne Gerebun, mita 1944, kuma na sha cin maki da wannan amsa. Daga baya aka tabbatar ba haka ba ne. Ƙololuwar da ta fi kowace ita ce Idukal-n-Tagas, mita 2022, a bisa duwatsun da taswira ke rubutawa Bagzane. Babu wanda ya zo karɓar makin, ni ma ban mayar ba.

Sunan wurin kuwa ba baƙo ba ne ga kunnen Bahaushe. Duk wanda ya taɓa zama kusa da fada ya ji ana zuga dokin Bagazam, wanda ake cewa ba ya gajiya kuma ba ya hawuwa ga kowa. Mun san dokin a baki, ba mu san garinsu ba.

Akwai wani Ba'azbine da ke sauka gidanmu tun ina yaro. Kowace shekara bayan girbi yakan zo sayen hatsi. A zamanin mahaifina da raƙuma yake zuwa, ɗauke da kantun gishirin Bilma da dabino. Yanzu a bayan kamyo yake zuwa, da buhunan albasa da tafarnuwa. Mahaifina ya rasu, Allah ya jiƙansa, amma masaukin bai mutu ba. Ina ce masa Baba, yana ce mini ɗan mai gida. Wata rana da dare muna shan shayi na so in burge shi, na karanto masa tsawon dutsen garinsu har da mita biyun da ke bisa dubu biyu da ashirin. Ya daɗe yana juya ɗan kofinsa, sa'an nan ya ce: "Ku ƴan lakkwal kun san lambar kowane abu. Shekara talatin ina shan ruwan randarku, ɗan mai gida. Yaushe wani daga gidan nan zai sha na tulunmu?" Wannan magana ce ta kai ni Azbin cikin sanyin bana.

Tafiyar mota ba zan tsaya a kanta ba. Tawa, Abalak, Agadas, a kan hanyar da ake kira ta uraniyom, wadda ramukanta sun isa su cika filin wani makon. A Agadas na ɗauki abokin tafiya, wani abokin karatuna tun lise a Maraɗi, ma'aikacin gwamnati wanda ya shekara huɗu a garin bai taɓa wuce shingen jandarma ta gefen duwatsu ba. Na yi masa ba'a a kan haka har na gaji. Ba shi kaɗai ba ne, kuma masu karatu da ke sarwisi sun san gaskiya nake faɗi: yawancinmu ƴan kudu in aka tura mu aiki arewa muna ɗaukarsa horo ne. Mutum ya kama ɗaki kusa da bariki, ya ci abinci wurin ƴan garinsu, ya riƙa ƙirga watanni yana aika takardar neman a maida shi gida. Ya dawo bayan shekara biyar bai iya gaisuwa da Buzanci ba, alhali Buzun da ke sayar masa da cuku ya iya Hausa kamar jakin Kano. Mu ma na Dakoro ba mu tsira ba. Gandun dajin Gadabeji yana nan arewa da mu tun 1955, an kawo masa raƙuman dawa daga Kure a 2018, amma ku tambayi ma'aikata goma a garin nan nawa suka taɓa zuwa ganinsu.

Daga Agadas muka hau bayan wata motar albasa da ke komawa Tabelot babu kaya. Tabelot gari ne na lambuna a gindin dutsen. A da raƙumi ko sa ke jan guga daga rijiya, yanzu ƙarar injin ban ruwa ce ke tada mutum da asuba, kuma albasar da ake nomawa a nan tana kaiwa har kasuwannin bakin teku. Daga nan ne na fara ganin Bagazam sosai. Ashe tunanina duk kuskure ne. Na zaci wani tsauni ne guda mai tsini kamar wanda yara ke zanawa a allo. Abin da na gani ganuwa ce, baƙa, wadda ta tare gabas da yamma, kamar an ɗauki ƙasa guda mai tsawon kilomita wajen 40 da faɗin wajen 20 an aza ta bisa wata ƙasar.

Hanyar da muka bi ta jakai ce, cikin wani kwazazzabo da ya tsaga ganuwar. Muka kama ta da sassafe, ba mu fita ba sai bayan azahar. Kowane ɗan lokaci sai mu manne da bango mu ba jakai hanya, suna saukowa da buhunan tafarnuwa da dankalin turawa, wani yaro da bai kai shekara goma sha biyu ba yana bin su da takalmin roba yana tsalle daga dutse zuwa dutse. Ni kuwa da takalmin da na saya musamman a Maraɗi, ina haki kamar tsohon injin niƙa. Ƴan kasuwa masu karanta wannan fili, in kun ga tafarnuwar Azbin ta yi tsada, ku tuna da bayan jakin nan kafin ku ce an cuce ku.

A sama sai ga wata duniya. Ƙauyuka, masallatai na dutse, bukkokin tabarma, idanun ruwa da ke fitowa daga cikin pa, lambunan alkama da tumatir da ɓaure da rumman. Baba ya tarbe mu kamar an zo masa da sarauta. Aka yanka ɗan akuya, na sha ruwan tulun, alkawari ya cika. Da dare kuma na san abin da ake kira sanyi. Masana sun ce duk mita dubu da mutum ya hau, zafi yana raguwa da digiri wajen shida, ga shi kuwa mun ɗara Dakoro da fiye da mita dubu, a tsakiyar hunturu. Da asuba na tarar da ruwan da ya kwana cikin kwano a waje ya yi ɓawon ƙanƙara. Alwalar wannan rana ba zan manta da ita ba.

Da na tsaya nan da na dawo da mutuncina. Amma na ce ban zo daga Dakoro don in tsaya a mita dubu da ɗari biyar ba. Lambar nan ta 2022 nake so in taka da ƙafata. Baba ya ce shi gwiwa ta ƙare, amma ya haɗa mu da wani ƙanensa, dattijo mai kimanin shekara sittin, siriri kamar sanda, wanda ya yi shekaru yana yi wa Nasara jagora. A lokacin da jiragen ƴan yawon buɗe ido ke sauka Agadas kai tsaye daga Faransa, da wannan aiki yake ciyar da gidansa, kuma har yau yana da guntayen Faransanci da Jamusanci da Italiyanci a bakinsa. Tawayen 1990 zuwa 1995 ya tsayar da aikin, ya farfaɗo bayan sulhu, tawayen 2007 ya sake kashe shi, sace ma'aikatan kamfanin uraniyom a Arlit a 2010 ya binne shi. Samarin da ya koya wa hanya, in ji shi, tun da aka ga zinariya a Jado da Cibarakaten a 2014 suka watse. Ya koma lambu.

A nan na yi abin kunya na farko. Ya faɗi ladansa na kwana uku, har da jakai biyu da yaron da zai kora su, ni kuwa na zauna na yi ta ciniki kamar ina sayen tunkiya ranar kasuwa, har na rage jaka biyar. Na tashi ina jin daɗi, ina ce wa abokina ai ɗan Dakoro ba a yi masa wayo. Dattijon bai ce komai ba, sai ya gyara rawaninsa.

Yini guda muka yi muna tafiya arewa a bisa faifan dutsen. Da hantsi muka cika bidodinmu a wani tafkin da ruwan damina ke kwantawa cikin kogon dutse, jagora ya ce daga nan babu wani ruwa sai mun dawo. Ya ƙirga bidodin, ya ƙirga mu, ya ƙirga jakai. Da la'asar muka sauka a wani busasshen kori, inda jaki ba ya iya wucewa. Nan hanya ta ƙare. Ina nufin ƙarewa ta gaskiya: babu turba, babu sawun dabbar gida, babu tarin duwatsun da matafiya ke ajiyewa don alama. Gaba duk manyan duwatsu ne masu santsi, wasu kamar rumbu, wasu kamar ɗaki, an zuba su bisa juna kamar an juye buhu. A lise an koya mana cewa duwatsun Azbin da na Damagaram da na Jos dangi guda ne, narkakken dutse ne da ya taso daga cikin ƙasa ya daskare, na Azbin ne yayansu, masu shekaru fiye da miliyan 400. A aji abin ya yi mini daɗin ji. A gabansu kuwa sai na ji cikina ya ɗan juya.

Da dare jagora ya gasa mana gurasa cikin toka da rairayi, sa'an nan ya kafa sharuɗɗansa. Za mu tashi kafin asuba, mu yi salla a hanya. Kowa zai ɗauki ruwansa a bayansa, lita huɗu, kada wanda ya ba wani ya riƙe masa. Ba za mu nufi ƙololuwar kai tsaye ba, za mu zagaya ta wani kwari da ke hagu. Kuma kada wanda ya yi nisan da ba ya ganin rawaninsa. In azahar ta yi ba mu kai ba, za mu juyo, ko da saura taki ɗari.

Ni kuwa ina da wayar salula mai taswira, irin wadda ke nuna wa mutum inda yake ko babu layi, domin da tauraron ɗan'adam take aiki. Da hantsi ya yi, bayan mun yi awa huɗu muna hawa, na duba na ga tsakaninmu da ƙololuwar bai kai kilomita biyu ba, kuma kwarin da dattijo ke bi yana nisanta mu da ita. Na ɗaga kai, ga wani tsauni a hannun dama, kusa ƙwarai, kamar in miƙa hannu in taɓa. Na ce: "Baba, ga ta nan, me ya sa muke zagaye?" Ya ce: "Wannan ba ita ba ce, ɗana." Na nuna masa wayar. Ya dube ta cikin ladabi, kamar yadda ake duban hoton ɗan wani, ya ce: "Na gani. Mu tafi."

Da muka zauna hutawa, ya ɗan kishingiɗa ya rufe fuska, abokina yana fama da igiyar takalmi. Na ce a raina bari in leƙa bayan wancan dutsen kawai, minti goma, in tabbatar. Don in yi sauri na ajiye jakata, da ruwan a ciki. Sharuɗɗa biyu ke nan na karya cikin numfashi guda.

Wanda bai taɓa shiga irin wannan wuri ba zai yi wuya ya gane yadda mutum ke ɓacewa a cikinsa. A dajinmu na Dakoro in ka ɓace kana ganin nesa, kana da sawunka a rairayi, ka juya ka bi shi. A can kuwa kowane dutse ya fi ka tsawo, kuma dutse ba ya riƙe sawu. Na haye ɗaya, na zagaya na biyu, na diro daga na uku zuwa wani ɗan rami, sai da na diro na lura ba zan iya komawa ta nan ba, domin abin da aka sauka da tsalle ba a hawansa da tsalle. Na ce ba komai, in na kai saman tsaunin zan hango su. Kilomita guda a taswira layi ne miƙaƙƙe. A cikin waɗannan duwatsu ya ci mini fiye da awa. Na kai saman da gwiwa a ƙuje, sai na tarar da abin da dattijo ya faɗa. Bayan tsaunin akwai wani rami mai zurfin da ba na son tunawa, bayan ramin kuma ga wani dutsen da ya fi wanda nake kai tsawo nesa ba kusa ba. Na juya don in hango rawanin, ban ga komai ba sai duwatsu masu kama da juna har iyakar gani. Na yi kira, iska ta kwashe muryar. Na ciro waya, wadda sanyin dare ya riga ya shanye mata rabin wuta. Ta nuna mini ɗigon da ke cewa ga ni nan, abin da na riga na sani, sa'an nan ta mutu.

Ƙishirwar dutse munafuka ce. Iskar bushe take kuma da sanyi, gumi yana bushewa kafin ka gan shi, ba ka sanin kana zubar da ruwa sai harshe ya fara manne wa ganɗa. Na yi ƙoƙarin sauka ta wani gefe, na tarar da gangare mai santsi, na komo. Na gwada wani, haka. A karo na uku ƙafata ta zame, na tsaya da tafin hannu a bakin wani wuri da in na wuce shi, da wani ne ke rubuta wannan fili yau. Nan na zauna, jikina yana rawa.

Abin dariya, a wannan zama wanda ya faɗo mini a rai wani Bajamushe ne da muka karanta labarinsa a lise, Heinrich Barth, wanda ya yi yawo a ƙasashenmu da sunan Abdul Karim, ya iya Hausa, ya sauka Agadas a 1850, inda har yau ake nuna gidan da ya zauna, ya bi ta Tasawa da Katsina ya shiga Kano a 1851. Kafin ya iso Azbin, a watan Yuli na 1850, kusa da Gat a ƙasar Libiya ta yau, ya ga wani dutse mai suna Idinen wanda mutanen wurin ke cewa fadar aljannu ce. Buzayen ayarinsu suka gargaɗe shi, ya ƙi ji, ya tafi shi kaɗai. Ya hau, ruwansa ya ƙare, ya ɓace, ya kwana a daji, ƙishirwa ta kai shi har ya tsaga hannunsa ya tsotsi jininsa. Kashegari wani Buzu ya bi sawunsa ya same shi a kwance ƙarƙashin itace, saura kaɗan. Lokacin da muka karanta wannan a aji mun yi dariya, muka ce kai Nasara da taurin kai. Shi dai Barth yana da uzuri, babu wanda ya taɓa ba shi labarin Barth. Ni an ba ni, har na yi jarrabawa a kai.

Abu guda na yi daidai a wannan rana, shi ma gajiya ce ta sa ni: na daina motsi. Na samu inuwar wani dutse inda ake iya hango ni daga ƙasa, na cire rigata ta sama na shimfiɗa a bisa pa, na aza mata tsakuwa, na zauna ina istigfari. Azahar ta wuce. Inuwa ta fara tsawo. Na fara lissafin sanyin daren jiya, da kuma cewa bargona yana can cikin kori.

Wajen la'asar na ji ƙarar tsakuwa. Na ɗaga kai sai ga rawanin, yana fitowa ta wata tsaga da na wuce sau biyu ban gan ta ba. Ya zo ya tsuguna, ya miƙo mini bido, ya ce in kurɓa kaɗan-kaɗan kada in kwankwaɗa. Na jira faɗa, ban samu ba. Da na samu bakin magana na tambaye shi yadda ya gano ni, tun da dutse ba ya riƙe sawu. Ya ce wa ya gaya mini? Ya nuna mini wata ƴar tsakuwa: gefen da ke kallon rana baƙi ne, na ƙasa fari, duk inda ya ga fari a sama, ƙafa ta juya ta. Ya nuna inda takalmina ya goge ƙura a bisa pa, da wani reshen ƙaya da na karya. Ya ce: "Ragon dutse ba ya barin irin wannan ɓarna. Na san ko kai ne ko jaki, jakai kuwa suna ƙasa." Iyakar abin da ya faɗa ke nan, kuma na gwammace da mari ya yi mini.

Muka iso kori bayan magariba. A nan lissafi ya fito. Ruwan da aka tanada na hawa ɗaya ne da komawa. Mun ɓata yini, mun sha na hawan, ba mu hau ba. Dattijo ya jijjiga bidodi ɗaya bayan ɗaya ya ce abin da ya rage zai kai mutum biyu sama su dawo, in yaro ya koma da jakai tafkin tun da asuba ya ɗebo wani ya tarye mu. Amma yaro ba zai tafi shi kaɗai ba, kuma mutum uku ba za su hau ba. Na buɗe baki in ce ni zan koma, abokina ya riga ni. Ya ce shi dama ƙafarsa na ciwo. Ƙarya yake yi, na ga tafiyarsa. Mutumin da na yi wa ba'a tun daga Agadas, wanda ya bi kowane sharaɗi, ya zauna awa biyar a rana yana gadin jakata, shi ne ya koma da jakai, ni mai laifi aka kai ni sama. Na so in ƙi, ya ce in na ƙi to wahalar jiya ta zama ta banza ga kowa. Har yau ban san ko daidai na yi da na karɓa ba.

Kashegari na bi rawanin kamar ɗan akuya. Kwarin da na raina ashe shi ne ƙofar: yana zagayawa ta bayan ramin nan, yana hawa a hankali kamar matakala. Dattijo yana tafiya da ƙananan taki, ba ya sauri ba ya tsayawa, yana taka kan dutse ba tsakaninsu ba. A hanya ya nuna mini kashin ragon dutse sabo, da rema tana shan hantsi, da wasu gajerun itatuwa masu murɗaɗɗen jiki da ya ce zaitun ne na daji. Irin wannan zaitun a manyan duwatsun Sahara kaɗai ake samunsa, saura ne daga zamanin da hamadar nan take kore, zamanin da mutanen da suka zana raƙuman dawa a duwatsun Dabus suke ganinsu da idonsu.

Mun kai kafin rana ta take tsaka. Masu karatu za su so in ce na ga abin al'ajabi. Wurin dai ɗan fili ne da bai fi shimfiɗar tabarma kaɗan ba, da tarin duwatsu da waɗanda suka riga mu suka tara, da iska mai yanka kunne. Babu allo, babu tuta, babu lambar 2022 a ko'ina. Amma daga nan duk Bagazam tana ƙarƙashin ƙafarka, lambunan sun zama ɗigo-ɗigo kore, korama kowace kamar zare. Gabas, inda duwatsu suka ƙare, wani farin hazo ne da dattijo ya ce Tenere ce, hanyar Fashi da Bilma, wadda ya ratsa da raƙuma tun yana saurayi. Arewa duwatsu ne bayan duwatsu. Can bayan inda ido ke kaiwa Tamgak take da Gerebun ɗina na lakkwal, cikin gandun da gwamnati ta keɓe a 1988, mai faɗin murabba'in kilomita fiye da 77,000, wanda UNESCO ta sa cikin kayan gadon duniya a 1991, ta kuma sa shi cikin waɗanda ke cikin haɗari tun 1992. Na juya kudu ina neman inda Dakoro za ta kasance. Ba a ganin komai sai ƙura.

Na ɗauki ƴar tsakuwa biyu, ɗaya tawa ɗaya ta abokina, na aza bisa tarin. Sa'an nan na ciro jaka biyar ɗin nan da na rage, na ƙara wasu a kai, na miƙa wa dattijo da hannu biyu. Ya ƙirga, ya ɗauki biyar, ya maido mini sauran, ya ce ciniki ciniki ne, neman ɓatacce kuwa ba a karɓar lada a kansa.

Muka zauna a bayan wani dutse muna cin dabino da cuku. Ya daɗe yana kallon kudu, inda nake kallo ɗazu, har na zaci zai faɗi wata magana mai zurfi, na shirya in riƙe ta don wannan fili. Sai ya ce: "Ɗana, nawa tiyar hatsi take a Dakoro bana?" Na gaya masa. Ya girgiza kai ya ce ta yi tsada, tafarnuwa kuwa ta faɗi, ya tambaye ni ko ina ganin za ta sauko kafin azumi. Na ce ban sani ba, amma zan tambayi alhazan kasuwa in aiko masa ta hannun Baba. Ya ce to, in tashi mu sauka, yaro yana jiranmu da ruwa.

Alhaji, saƙon ke nan, a taimaka mini da amsa. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.